Inna da Iskar Kilim

Zuwa ga Yaya Mahamud, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Habsa da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan Madawa lafiya lau, an kwashe albasa, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da kanta.

Yaya, wata magana ce ta ɗaure mini kai, na rasa ta inda zan kamo ta. Ɗakin siminti da ka gina wa Inna ya yi kyau, kilim ɗin ma, injin sanyaya ɗakin, yana aiki, in ka shiga sai ka nemi mayafi. To amma rabin injin da ke waje, masu aikin sun kafa shi a bangon da ke kallon lemun tsamin da Baba ya dasa, daidai inda Inna ke shimfiɗa tabarmarta tun muna yara. Da an kunna, sai ya dinga huro iska kamar bakin murhu. Ni dai ban gane ba: abin da aka sayo don sanyi, ina ya samo wuta? Na ɗauka lalacewa ya yi, na kira Surajo mai gyaran firigo. Ya yi mini dariya, ya ce injin ba ya haifar da sanyi, zafin ɗakin yake kwasa ya zubar waje. Na ce to wajen ai nan muke zaune! Ya ce haka unguwar duk take yanzu: mai butik na zubo zafin shagonsa a lungu, sabon benen bayanmu na zubo nasa, rufin kwanon tol da bangon siminti kuma su sha rana su riƙe, sai bayan magariba su sako. Wai kowa na share ɗakinsa yana tura wa maƙwabci sharar. Na ji shi, amma har yanzu kaina bai ɗauka ba. In kowa ya zubar, wa zai kwashe?

Lemun dai ɓangaren da ke kallon injin ya bushe, kaji ma sun ƙaurace wa gindinsa. Inna kuwa ka san halinta. Ta ce ɗakin yana sa mata ciwon gaɓɓai, kuma a ciki ba ta jin sallamar kowa, ba za ta zauna kamar nono a firigo ba. Wurin zamanta kuma ya zama tanda. Yanzu ta fara cewa a mai da ta ƙauyen Deule wajen ƙanwarta, can akwai iska. In ta tafi, Yaya, ba na jin za ta dawo, kuma wannan ne ke ba ni tsoro.

Na ce mu kashe injin, ko Surajo ya mai da shi wani bangon, ko da yake can ma ɗakin girkin maƙwabta zai hura wa. Ta ce kul, kada a taɓa abin da ɗanta ya kafa, kada kuma in gaya maka. Ga shi na gaya maka, ban sani ba ko daidai na yi.

Kowa na gaishe ka. Kawu Illa da Gwaggo Cima sun ce a gaida Habsa, a shafa kan su Bashir.

Saura abu ɗaya. Ƙugin nan da kake ji in ka kira, har ka ce madalla Inna na shan sanyi, ba a ɗaki take ba. Ita ke sa in kunna, ta ja tabarma ta zauna a bakin injin, zufa na zuba, don ka ji yana aiki. Don Allah in ka kira, kai ka ce a kashe. Bakinka kaɗai za ta ji.

Taka ƙanwa,
Zulaihatu