Sunan Yaya Bashiru

Daren Laraba, Tambuwal

Yau na buɗe kwamfutar Yaya Bashiru, karo na farko tun da hatsarin babur a hanyar Kebbe ya raba mu da shi. Malaminmu na koyon rubuta manhaja ya ce duk wanda bai shirya na'urarsa kafin Asabar ba, a ba wani gurbinsa. Ni kuwa ba ni da wata sai wannan.

Na sa sabon Python, yaren manhajar da muke koyo, na gyara edita, wato inda ake rubuta ta. Da na adana aikina na farko a Git, rumbun da ke riƙe aiki da sunan mai shi, sai ga sunan Yaya ya fito a matsayin wanda ya rubuta. Haka ya saita ta, kuma ita ba ta san ya rasu ba.

Inna ta shigo ta iske ni ina kuka, na nuna mata abin da nika gani. Ba ta yi boko ba, amma ta gane sunan ɗanta.

"Dole sai an cire shi?"

"Dole, Inna. Da sunana za a duba aikin."

Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa, sannan ta ce, "To, bari in fita tukuna."

Sai da na ji ta rufe ƙofar ɗakinta, sannan na goge sunan Yaya, na rubuta nawa: Hadiza.