Kada Ka Ƙona Uwar Kaset Ɗin, Sadiƙu

Zuwa ga ɗalibina Sadiƙu, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ƙanwarka Hajara ta same ni a makaranta, ta ce ka rantse za ka ƙona uwar kaset ɗinka, wadda daga ita ake kwafar sauran, ka bar waƙa. Tun daga ranar raina a ɓace yake, amma ba kai ka ɓata shi ba.

Na karanta sharhin da aka yi maka a jarida. Wai waƙoƙi takwas, babu inda ka yabi kowa, ba basarake, ba attajiri. Wai mawaƙin da ba shi da ubangida ba mawaƙi ba ne, surutu kawai kake zubawa bisa kiɗan Amurkawa. Wani kuma a rediyo ya ce jikan malaman unguwar Kusfa ya koma maroƙi. To su tsaya a magana ɗaya mana! In maroƙi ne kai, wa ka roƙa?

Famfon unguwarku da ya shekara a bushe ka yi wa waƙa, da karofin da ya koma juji. Tela a Gyallesu da wannan kaset yake buɗe shago. Abin da ya tsone musu ido ke nan.

Ka tuna ranar da na kama ka a aji uku kana buga tebur da biro? Na ƙwace littafinka a fusace, sai na tarar gaɓoɓin waƙar wa'azin da kakanka ke rerawa a zaure kake ƙirgawa. Na ce tashi mu ji taka. Baiti goma sha biyu ka zubo, ƙafiya ba ta karye ba. Mai sharhin nan ko gaɓa ɗaya bai ƙirga ba. Ni na ƙirga, da alli a kan allo, gaban 'yan aji shida.

Ni ma ina da laifi, ɗana. Da mahaifinka ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kai ka koya masa wannan abin?" sai na sunkuyar da kai na ce, "Yaran zamani ne, Alhaji." Kunyar wannan amsar ta hana ni sukuni.

Shekaranjiya bayan la'asar na ɗauki rikodata na je zaurensa. Na ce masa, "I, ni na koya masa, kuma ban yi nadama ba." Muka saurari waƙar famfo har ƙarshe. Da na miƙe zan tafi da kayana, sai ya ce, "Bar ta nan, Malam, gobe ka aiko."

Har yau ban aika ba. Kai ma ka dakata da ashanar.

Allah Ya tsare harshenka daga yabon ƙarya, Ya sanyaya zuciyarka, Ya dawo mana da kai Zariya lafiya.

Malaminka na Hausa,
Haruna.