Farin Ƙyalle a Masana'antar Bulo

Filanda, ƙasar Beljiyam, Afrilu 1918

Zuwa ga Yayata Hermine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Mama da tarin nata? Ni dai ga ni nan da rai.

An ba mu sabon jirgin sama mai cikin ƙarfe, ni da matuƙina Kuno muna zama ciki kamar a bahon wanka. Nauyin tsiya gare shi. Kuno kan dake shi da tafin hannu ya ce, "Tashi mana, uwar ragwaye!" Amma harsashi ba ya huda shi.

Aikina leƙa ƙasa. Muna bi dab da ramukan yaƙi, sojojinmu su shimfiɗa farin ƙyalle don mu san inda suke. Inda na ce babu ƙyalle, na abokan gaba ne, manyan bindigoginmu su yi masa ruwan wuta.

Yaya, an yi wa rundunar ƙaninmu Gottlob ƙawanya a wata tsohuwar masana'antar bulo. Jiya na ga ƙyallensu, na jefa musu burodi da harsashi. Kada Mama ta ji.

Ƙaninki,
Alwin

Yaya Hermine,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama. Lafiyata ƙalau, kuma abin da ke cin raina ke nan.

Ƙyallen su Gottlob ya daina fitowa. Na sa Kuno ya yi ta kewaya wurin cikin hayaƙi, harsasai na buga ƙarfen kamar ƙanƙara a kan kwano, har ya juyo ya ce, "Kai, so kake mu sauka mu ƙwanƙwasa musu ƙofa?" Na san wani lokaci tsoro ke hana su shimfiɗawa, don Turawan Ingila ma suna da idanu. Na faɗa wa kyaftin haka. Ya ce, "Ban tambaye ka tsoro ba. Ka gani ko ba ka gani ba?" Na ce ban gani ba.

Wuni guda bindigoginmu suka yi a kan wurin.

Yau da safe muka koma. Babu gini, babu motsi. A gefen wani rami na ga ƙyallen a shimfiɗe, an danne kowace kusurwa da bulo don kada iska ta ɗauke shi. Ban san yaushe aka shimfiɗa shi ba, Yaya, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.

Gobe ma za mu tashi. Ki yi wa Gottlob addu'a, ni bakina ya ƙi.

Ƙaninki,
Alwin