Danƙon Kotson Audu

Sabon Birni, daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙiya. Jibi ɗana Audu za shi Isa, karon hwarko, su kara kiɗin kotso da wasu makaɗa gaban Sarki da Joji, Baturen mulki. Wanda yac ci, shi za a ɗauka makaɗin hwada. Ni kau da shisshigi, na ga wani baƙin abu manne tsakiyar hwatar kotson Audu, na ce dauɗa ce, na kankare tas da wuƙa. Ashe danƙon nan shi ne muryar kotson! Da yab buga, sai ka ce hwasasshiyar ƙwarya.

"Inna, mi kinka yi?"

Ko tuwo bai taɓa ba.

Da asuba za ni Gangara da ƙahwa, wurin kawun Audu mai haɗa ganguna. Shi zage ni son ranshi, in dai shi liƙa wani.