Wasan da Torben Ya Yi

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa daga Esbjerg, nan ƙasar Denmark. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Sai dai na kai Torben, shugabanmu a kamfanin kifi, ƙara kotu. Ina wanke hannu ya ce a gaban kowa, "Ladidi, ke da wannan baƙar fata, ta yaya ake gane hannunki ya fita?" Aka kwashe da dariya. Daga baya ya kawo mini kofi, ya ce, "Wasa ne, ban nufi komai ba." Wataƙila gaskiyarsa ce, don bai taɓa cutata ba. Amma tun ranar sauran suke ta maimaita maganar.

Yanzu in na shiga wurin cin abinci sai a yi tsit. Sun ce na mai da allura garma. An kuma mayar da ni ɗakin ƙanƙara, ni kaɗai.

Ƙawata Halina ce shaidata. Jiya, kanta a sunkuye, ta ce, "Inji yana ƙara, ban ji sosai ba."

Ran Litinin za a zauna. Inna ta sa ni a addu'a. Maganar turo mini 'yata Nafisa kuwa, a dakata tukuna.

Ƙanwarki,
Ladidi