Kuɓewar Inna Ta Riga Ni Komawa Gida

Tamanrasat, Aljeriya

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yaya Mansura da yara? A gaida Kawu Barmo da mutanen Gidan Sori. Ni lahiyata lau. Aikin gini ya tsaya wata biyu, amma muna lallaɓawa, kada ki sa damuwa a ranki.

Yahuza direba ya ce ruwan bana ya rushe ɗakinki, irin doguwar kuɓewar da kika gada wurin Kaka ya salwanta, har kin yi kuka. Inna, share hawayenki. Kin tuna ƙullin iri da toka da kika cusa mini a jaka, ina ta cewa ni ba noma zan je ba? Na shuka shi a yankakken bidon, wato jarkar ruwa, a bayan ɗakinmu, ina zuba masa ruwan alwalata, har kuɓewar ta yi 'ya'ya. Da cefane ya gagara, abokan zama suka ce a tsinke duka a yi miya. Na hana su tsinke guda shida har suka bushe a jikin uwarsu. Kwana biyu ba mai yi mini magana.

Wani maƙwabcinmu ɗan Sudan ya karɓi kaɗan, ya ba ni irin lalonsu. Duka na ƙulla na ba Yahuza. Don Allah ki ɗibar wa maƙwabta, kada iri ya sake zama a ɗaki ɗaya.

Kuɓewarki ta riga ni komawa gida. Ki shuka ta da ruwan fari. In Allah ya yarda, da ni za a sha miyarta.

Ɗanki,
Garzali