Ranar da Likita Ta Rufe Ƙofa

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon gwiwar ya sassauta. Ɗinkina yana warkewa, har na fara sallah a tsaye. Auta ma fuskarsa ta washe. Jiya ya aiko a gaya mini wai tunda ƙodar Malama ta shige shi, fargabarsa kada ta fara yi masa wa'azi daga ciki.

Akwai abin da na ɓoye miki, kuma ya tsaya mini a rai.

Ranar taron gida, da kika ce ni ce na dace in ba Auta ƙoda tunda jininmu ɗaya kuma ba ni da ƙananan yara, na amsa da to. Bakina ne ya amsa. Zuciyata tsoro ne fal a cikinta, da jin haushinki. Ni da nake koya wa ɗalibai gyaran niyya, sai ga ni zan yi kyauta mafi girma a rayuwata don gudun surutun dangi.

Kin tuna ranar da likita ta ce ki jira a waje, har kika ɓata rai? Da ta rufe ƙofa, sai ta janye takardar amincewa daga gabana, ta tambaye ni ko da son raina na zo. Na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Inna. Ta ce in ban so ba, za ta gaya muku ban dace ba, ba ƙarin bayani. Wai ba ƙarya ba ce, domin a aikinsu wanda bai yarda ba bai dace ba. Ta ba ni mako guda.

Na yi makon ina tuhumar kaina. In na karɓi mafitar, maganarta gaskiya ce, amma ku za ku ɗauka lafiyata ce ta hana, ni kuwa in yi shiru. Anya wannan ba yaudara ba ce? Ran Alhamis na raka Auta wankin ƙoda. Ina zaune ina kallon jininsa yana zagaya roba, shi kuma yana tsokanar nas, sai na lura a karon farko ba wanda ya tura ni wannan kujerar. Ina iya tashi in tafi. Ban so tashi ba.

Washegari na sa hannu a takardar. Alhamdu lillahi.

Ki yafe mini haushin da na riƙe, ki kuma huce da likitar. Kin ce ni ce na dace. Gaskiyarki, Yaya, amma sai ranar Alhamis ɗin nan na dace.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya bar zumunci.

Taki ƙanwa,
Malama